Albasar Kwaɗi a Sabuwar Gona

Shekarar da ambaliya ta cinye gonarmu, kawun Baba ya ba shi aron fili a fadamar da ke kudu da Haɗeja. Bayan ruwan fari Baba ya tafi da ni mu gano wurin.

Tunda muka isa bai zauna ba. Ya je wannan iyaka, ya dawo waccan, ya ɗebi ƙasa ya murza ya watsar. Gero yake so ya shuka, don shi kaɗai ya iya nomawa, kuma rumbunmu ya kusa ƙarewa.

Ni kuwa wani farin fure na hango, mai jan layi a tsakiyar kowane kunne. Na tsinko shi ina shinshinawa. Ƙanshinsa mai sanyi ne, kamar na sabon sabulu.

"Baba, duba!"

"Ina kika samo albasar kwaɗi?"

Na nuna masa. Ya bi furannin da sauri, ina binsa da gudu. Ga su nan ko'ina, har tsakiyar filin. Ya tsaya yana goge zufa da hularsa.

"Uwata, inda wannan ta tsiro, ruwa yana kwana," in ji shi. "Gero ba zai yi ba."

Har yau idan na ji ƙanshin nan sai zama ya gagare ni, kamar yadda ya gagari Baba ranar nan.

Da muka koma gida, ko takalmi bai cire ba ya kira Inna. "Irin geron nan da kika ɓoye, daka wa yara su ci. Gobe zan je a koya mini noman shinkafa."