Bindigar Cikin Akwatin Baba

Na miƙa wa maƙwabcinmu wayata. Tsohon ɗan sanda ne, shi kaɗai na yarda in nuna wa hoton.

"Kawu, a akwatin Baba na gan ta. Na birkice takardunsa kaf, babu lasisi."

Kwana tara ke nan da rasuwar mahaifina, tela wanda ko kaza ba ya iya yankawa. Tun safe nake tunanin ko ban san shi ba ne, kuma ina tsoron a kama yayana, tunda ɗakin ya koma hannunsa.

Kawu ya sa tabarau, ya ƙara girman hoton. "Kin taɓa ta?"

"A'a."

"Kin kyauta. Gobe zan raka ku ofis a nuna ta, haka doka ta ce. Amma dubi bakinta, 'yata, a toshe aka ƙera shi. Ƙara kawai take yi, harsashi ba ya fita. Da ita ake sallamar 'yan tsere."

"Me ya haɗa Baba da tsere?"

"Kafin haɗarin da ya zaunar da shi kan keken ɗinki, shi ne malaminmu na wasanni. Ni kuwa gwanin gudu daga makaranta ne. Ya kamo ni ya ce, tunda gudu nake so, in zo fili in yi shi a gaban mutane. Ba don shi ba, da ni 'yan sanda ke nema, ba ni ke neman masu laifi ba."

Na share hawaye, na jawo kujera. "Na gode, Kawu. Ƙara ba ni labarinsa."