Muciya Ba Ta Taka Birki

Sallau, ajiye wayar nan ka saurare ni. Na ji an ce a sabon shagonka kai ne mai awo, kai ne mai ɗauko kaya, kai ne mai shara, in maiɗakinka ta ce kawo in kama maka sai ka ce ba aikinta ba ne. To madalla. Ni kawunka ban iya doguwar nasiha ba, amma bari in ba ka labarin wani mai gyaran janareto da na sani.

Mutumin nan gwani ne, wannan kam ba a kushe masa. Injin da ya gagari kowa, in an kawo masa da safe, kafin la'asar ka ji yana ruri. Sai Allah ya hore masa ya sayi mota ta hannu 'yar Kwatano, irin masu ƙofa biyun nan, ja wur, wadda in ka taɓa totur sai ka ji bayanka ya manne da kujera. Gudu kam ba a magana. Tsayawa ce matsalar. In ka taka birki sai ya yi laushi tuɓus ya nutse har ƙasa, sai ka sake takawa sau biyu sau uku kafin ta ga dama ta tsaya. Ga shi kuwa ya yi wa matarsa alkawari, ranar Juma'a a cikin motar nan zai kai ta garinsu bikin ƙanwarta, ita da ta shekara biyu rabonta da gida. Hanyar garin kuwa akwai wata gangara mai lanƙwasa, wadda direbobin manyan motoci ma sai sun yi bisimilla kafin su sauka. Ya san ba zai ɗora matarsa a kan wannan gangara da birkin da ake lallashi ba. Ko dai birki ya kama kafin Juma'a, ko ta bi motar haya ya sha kunyar surukan da ya riga ya cika wa baki.

Ya kai wa bakanike? Allah ya kiyaye! Shi da yake tayar da matattun injuna? Ranar Talata ya ɗaga mota a jak a tsakar gida, ya canza takalman birki, ya zubar da tsohon man da ya yi baƙi ƙirin, ya zuba sabo. Ya taka, jiya i yau. Nan ya gane iska ce ta shiga bututun man. Fitar da ita kuwa ba wani abu ba ne: mutum ɗaya ya taka birki ya riƙe, ɗaya ya sassauta ɗan notin da ke bayan taya, iska ta fita tare da mai, ya ɗaure, sannan na sama ya saki. Matar tana tsaye da kofin ruwan da ta kawo masa, ta ce ko ta zauna ta taka masa. Ya yi dariya ya ce mota ai ba keken ɗinki ba ce. Sai gogan naka ya shiga kicin ya ɗauko muciyarta, ya tokare birki da ita a jikin kujera, ya ruga ya kwanta a gindin taya. Yana sassauta noti birki ya nutse, muciya ta faɗi, birki ya dawo sama ya zuƙo sabuwar iska. Ya tashi, ya tokare, ya ruga, ta faɗi. Haka ya yini Talata, haka Laraba. Ya gwada taɓarya, ta yi tsawo. Kwana biyu ba a tuƙa tuwo a gidan ba, sai dafa-duka. Ita kuwa baiwar Allah in ta gifta sai ta yi masa sannu da aiki, irin sannun nan mai dariya a ciki.

Alhamis da hantsi yana kwance a ƙasa, mai ya ɓata masa gemu, sai ya jiyo ta ta kan katanga tana tambayar maƙwabciya ƙarfe nawa motar garinsu take tashi a tasha. Wallahi abin ya sosa masa rai. Ya miƙe ya kakkaɓe jiki, ya miƙa mata muciyarta da hannu biyu. Ta karɓa ta ajiye, ta cire takalmi ta zauna a kujerar direba. Daga ƙasa yana cewa taka, riƙe, saki, ita kuma tana bi daki-daki. Suka fara da tayar baya, suka zagaye duka huɗun. Tun mai yana fitowa da kumfa yana tartsatsi, har ya dawo yana zuba sumul. Ba a kira azahar ba ta leƙo ta taga ta ce abin fa ya yi tauri, ya ƙi nutsewa. Wahalar kwana biyu, ashe ko awa ɗaya ba ta kai ba.

Juma'a suka kama hanya. A tsakiyar gangarar nan, suna shan wata lanƙwasa, sai ga garken shanu ya cika titi maƙil. Ya ɗora ƙafa sau ɗaya, mota ta tsaya cak, tsakaninta da saniyar gaba bai fi taku biyar ba. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi. Suka zauna hankali kwance suna kallon shanu suna wucewa, ta kwance ƙullin gyaɗa ta miƙa masa. Da suka isa, surukai suka kewaye mota suna yaba gyara, shi kuwa duk wanda ya ce masa sannu da ƙoƙari sai ya nuna ta ya ce a yi wa mai birki sannu tukuna.

Ka ga, Sallau, gwanintarsa ba ta ragu da komai ba, kuma kowa ya dawo gida lafiya. Ba a banza Hausawa suka ce ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.