Munduwar Jatau

Tun da doka ta tilasta wa shugabannin sojojin haya sanya munduwar da ke jiyar da su ciwon mayaƙansu, babu mai son shugabanci. Da shugaba Jatau ya rasu, ko ƙwarzane babu a jikinsa, sai rundunarsa ta zaɓi Tasalla.

Ta kai munduwar wurin maƙeri ya rage mata faɗi.

"Baba, ni fa ban nema ba."

"Shi ma bai nema ba, 'yata. Miƙo hannun."

Yana ɗaura mata ta dafe muƙamuƙi. Ta leƙa waje inda mayaƙanta ke jira.

"Wa ke ciwon haƙori?"

Dogara, ƙaton cikinsu, ya sunkuyar da kai. "Ni ne, ranki ya daɗe. Ki yafe ni."

"Je a cire shi yau. Gobe akwai yaƙi, ba ni da wurin ajiye haƙorinka."