Akwatin Tantabaru

Da tantabarar da ke cikin akwatin gwaji ta caki maɓalli gero ya zubo, Najeeba ta yi tsallen da sai da mayafinta ya zame. Dakta Fredrick, malamin da ke duba aikin digirinta na biyu, ya shiga zagaye ɗakin gwajin yana tafi.

Shekaranjiya na'urar da jami'a ta sayo daga Turai don nazarin yadda tsuntsaye ke koyo ta mutu, ga shi mai jarrabawa daga waje yana hanya. In ba gwaji, sai Najeeba ta maimaita shekara.

Ita ta tono mafita a wani shafin intanet inda masu bincike ke raba zanen na'urori da manhajarsu kyauta. Zanen ya bi hannu da yawa. Wata a Brazil ta sake fasalin akwatin, wani a Indiya ya gyara manhajar, har an daina ganin sunan wanda ya fara. Kayan haɗin kuwa ƙaramin allon lantarki ne, da ɗan injin cikin tsohuwar firinta, da gwangwanin madara. A yini guda suka harhaɗa.

Dakta ya kasa zama. Ya ce dubi yadda aka yi ramin zubo da abinci daidai ƙwayar gero, dubi yadda na'urar ke ajiye sakamako ko an ɗauke wuta. Turawan da suka sayar musu da waccan ba su taɓa tunanin haka ba. Shi ma, in ji shi, ya taɓa ɓata lokaci kan irin wannan yana ɗalibi a wani ɗakin haya a unguwar Manawashi, amma nasa tarkace ne, bai taɓa aiki ba, ya dai jefa zanen a intanet ya manta da shi.

"Wanda ya fara wannan gwani ne. Ko a China yake, sai mun gayyato shi Gombe."

Najeeba ta gano wurin aika saƙo ga mai zanen farko. Dakta ya tsaya a kanta yana faɗa tana rubutawa, yabo kan yabo, har da roƙon a ba shi damar zama ɗalibinsa. Ya sa ta ƙara "ranka ya daɗe" kafin ta aika.

Nan take wayar da ke aljihun Dakta ta yi ƙarar shigowar saƙo.