Motar Laraba

Tana cikin yanka sabulu da siririyar waya Dogo ya danna hon a ƙofar shago. Ranar Laraba ce, kuma bai taɓa saɓawa ba. Ma'aikatanta mata biyu suka fara jidar kwalaye zuwa bayan motar, ita kuma ta cire safar hannu ta fito da fara'arta.

"Maigidan naka har yanzu ba zai zo mu gaisa ba?"

"Hajiya, mutumin nan ba ya son fita. Ya ce dai a gaishe ki, kuma a kwaso duk abin da ke ƙasa."

Dogo direba ne kawai. A cewarsa, wani ɗan kasuwa ne yake aiko shi ya kwashi sabulun. Mutumin ba ya neman ragi, bai taɓa dawo da kaya ba. Ita kuwa ba ta tsananta tambaya, don kada ta kori arziki da bakinta.

Kafin motar nan ta fara zuwa, shagon ya kusa mutuwa. Ta ajiye aikin koyarwa, ta sayar da sarƙarta, ta kama ɗaki biyu a bakin titi: na gaba kanta, na baya robobin soda da jarkokin mai. Sabulu ya yi ta bushewa a kan kanta har takardar jikinsa ta koɗe. Masu shaguna sukan karɓi kaɗan don kunya, daga nan ba su sake nema.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne maganar Baba. Ranar da ta kai masa sabulunta na farko, ya tsuguna a bakin famfo ya jima yana murzawa.

"Uwata," haka yake kiranta, "wannan ba ya kumfa, kuma yana cin hannu. Ki koma ki ƙara koyo."

A gaban yayyenta maza ya faɗa. Suka fashe da dariya, ɗaya ya ce a ajiye masa guda ya riƙa goge tayar babur.

Shi ya sa da kasuwa ta buɗe, gidan Baba ta fara nufa.

"Wancan da ba ya kumfa, Baba, yanzu mota guda ake ɗauka."

"Madalla," ya ce, ya ƙara muryar rediyo.

Daga ranar ta ɗauke ƙafa. A bakin yayyenta ta ji ya sayar da motarsa, wai likita ya ce ya riƙa taka ƙafa saboda gwiwa. Daga baya ta ji ya sayar da filinsa. Suka yi ta gunaguni cewa tsoho ya fara ruɗewa. Ta ce su da suka san komai su je su tambaye shi, ita tana da aiki.

Aikin kuwa ya sa mata girman kai. Wata maƙwabciya ta zo da yatsu duk sun saɓule saboda sabulun, ita kuwa ta nuna mata ƙofa. Babbar ma'aikaciyarta ta ce ko za a ɗan rage soda, ta harare ta.

"Mai saye da mota bai yi ƙorafi ba, sai ke?"

Ta sayi babban injin kwaɓawa, ta kama ɗaki na uku. Har taron mata masu sana'a aka gayyace ta, ta riƙe lasifika ta ce kada su saurari masu karya gwiwa, ko da a cikin gidansu suke. Aka yi mata tafi.

Da ciwo ya kwantar da Baba, ta je duba shi a tsaitsaye, ko jaka ba ta ajiye ba. Ya kama hannunta ya juya, yana kallon tsagewar da ke tafinta.

"Kin gyara haɗin nan kuwa?"

"Babu abin gyarawa," ta ce, ta zare hannun.

Ba su sake magana ba har ya rasu.

Larabar da ta biyo baya ba a ji hon ba. Ta ce wataƙila Dogo ya ji labarin rasuwar, ya ɗaga mata ƙafa. Wata Larabar ma shiru. Ta kira waya, a kashe. Kwalaye suka taru har suka tare hanyar ɗakin baya. Ta ɗauki kaɗan ta zaga shaguna, kowa ya ce yana da kaya tukuna. Ta sallami ma'aikaciya ɗaya, ba a jima ba ta sallami ɗayar.

A tashar motocin kaya ta yi kiciɓis da Dogo yana wanke gilashi. Yana ganinta ya sunkuyar da kai.

"Wa ya ƙwace mini maigidanka? Faɗa mini ko wace ce."

"Babu kowa, Hajiya. Aikin ne ya ƙare. Ni amana aka ba ni, don Allah kada ki sa ni magana."

Ta koma shago tana zargin duk wata mai sabulu da ta sani. Injin ya yi ƙura. Wanda ya ba ta hayar shagon ya fara kawo mutane suna leƙa ɗakunan.

Ana cikin haka babban yayanta ya kira. Za a sayar da gidan Baba, kuma an rasa makullin garejin da ke baya. Ya ce ta zo, don kada gobe wani ya ce an buɗe ba ya nan.

Ta tsaya nesa da yayyenta, hannu a harɗe, wani kafinta yana dukan kwaɗon da guduma. Kwaɗon ya faɗi. Yaya ya tura ƙofar da kafaɗa, ta buɗe kaɗan ta cije, kamar akwai abin da ya tokare ta daga ciki. Wani ƙamshi ya bugo su. Yaya ya leƙa, ya juyo ya dube ta, ya matsa gefe.

Daga daɓe har rufi, bango zuwa bango, kwalayen sabulunta ne jere a kan juna, ko ɗaya ba a buɗe ba.