Jaririn Aro

Tun da aka fito da sabon tsari, duk matar da aka yi wa dashen ciki bai kama ba, asibiti kan ba ta aron jariri na kwana arba'in, wai don ta rage zafi. Na'ura ce, amma da ɗuminta, tana kuka, har gyatsa take yi.

Yau wa'adin Balaraba ya cika. Ta goyo shi zuwa asibiti, Gwaggo Tabawa na biye da ita.

Ma'aikaciyar ta juya jaririn ta ce, "Hajiya, ina gashin kansa?"

Gwaggo ta ce, "An yi aski mana. A kwana bakwai a gidanmu ba aski?"

"To wannan tsagar ta kumatu fa?"

"Ta gidanmu ce. Sai da wanzami ya karya aska biyu."

Balaraba ta ce, "Gwaggo, na sha gaya miki na'ura ce."

"Na'ura ce nake dama miki kunun kanwa har hannuna ya sage? Na'ura ce ta yi hancin mijinki Ɗanlami?"

Ma'aikaciyar ta ce, "Ba komai, za mu sauya masa fuska. Gobe akwai mai jiransa." Ta danna bayan kunnensa, kukan ya ɗauke ɗif.

A bakin titi Gwaggo na ta masifa, sai ta lura Balaraba na jijjiga a hankali, bayanta kuwa wayam. Gwaggo ta matso, ta gyara mata majanyi, ta ɗaure tam.