Ƙaramar Farfela

Tsohon ya ture babbar farfelar jirgin samansa na wasa gefe, ya ɗauki 'yar ƙaramar.

"Baba, wannan ai ihu kawai za ta sa injin ya yi," in ji 'yarsa daga ƙofar gareji. "Kai da kanka ka koya mini: babbar farfela, matsattsen bututun iska, jirgi ya tashi salin-alin."

Ya kwance matsattsen bututun da injin jirgin wasan ke shaƙar iska da shi, ya ɗaura mai faɗin baki, wanda a da yake cewa gajiyar da inji kawai yake yi.

"Likita fa ya ce ka kwanta. Maƙwabta ma sai sun yi magana."

Maƙwabtan da tun dawowarsa daga asibiti suke masa sannu ƙasa-ƙasa, kamar masu gaisuwar mutuwa? Su yi mana! Ya rungumi jirginsa, ya fita fili.

Ya kaɗa farfela da yatsa, injin ya yi tari ya mutu. Ya murɗa allurar daidaita man injin kaɗan, ya sake kaɗawa. Sai injin ya tsage da ƙara, tagogin unguwa suka bubbuɗe.

Jirgin ya cilla sama. Tsohon ya ɗaga kai, ƙyallen wuyansa ya zame, ramin da likitoci suka bari ranar da suka cire masa murya ya bayyana. Bai rufe shi ba. Ya wangame baki iya ƙarfinsa, jirgin kuwa yana can sama yana yi masa ihun.